Ƙasar Da Tsuyako Ta Tara

A garinmu Hiura ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Gonakinmu a jikin dutse suke, a tsaye kamar an jingina tabarma da bango. Duk sarar fartanya sai ƙasa ta ɗan gangara, duk ruwan da aka yi sai ta ƙara gangarawa. Shi ya sa kafin a yi shuka sai an fara mayar da ita sama. Mutum ya kafa ƙafa a gangare, ya caka manjagara mai dogayen haƙora, ya watso ƙasar zuwa tudu, ya matsa gefe, ya sake cakawa, har ya kai ƙarshen gona. Tsuyako Kajimoto ta yi wannan aiki tun tana amarya har ta haura tamanin. A bazarar bara ita kaɗai ta rage a garin da ke yin sa yadda ya kamata.

Gonar tana ƙasa da gidanta kaɗan, ba ta da wani girma. Daga ƙarshenta akwai katangar duwatsu da kakanni suka jera, sai gangare mai ciyawa, sai kwalta, hanya ɗaya tilo da ke shiga garin. Gefen gonar kuma ta Tokuichi ce, ɗan baffan marigayi mijinta, wanda shi ma tsufa ya lanƙwasa. Kullum da safe zai fito da kofin shayi ya tsaya yana kallon ta.

"Amarya, yau ma kina hana ta tafiya?"

"Da ta bi taka, da tuni ta kai teku."

"To ba sai ta ga duniya ba? Ke da ba ki taɓa wuce tashar jirgi ba."

"Je ka wanke wuyanka, Tokuichi. Ƙasar da ke jikinsa ta isa a shuka wake."

Sai ya yi dariya har ya sarƙe, ya koma ciki. Ba wanda ya rage a duniya da ke kiran ta Amarya sai shi.

Ita ba 'yar dutse ba ce. A kwari aka haife ta, bakin kogi, inda mahaifinta ke noman shinkafa a taɓon da ke kai wa gwiwa. Ranar da ta fara shiga gonar gidan miji, da yamma ta yi ta saɓa fartanya za ta fita, surukarta ta tare ta.

"Ina za ki da ƙasarmu?"

Tsuyako ta duba hannunta, ba komai. Tsohuwar ta nuna ƙafarta. Sai da ta cire takalmi ta kakkaɓe shi a cikin gona, ta sa tsinke ta ƙwaƙule abin da ya maƙale, sannan aka bar ta ta wuce. Ta ɗauka wulaƙanci ne na sabuwar zuwa. Daga baya ta ga haka kowa ke yi. In an wanke dankali a daro, ruwan ba a zubar da shi a tsakar gida, sai an hau da shi can saman gona. A lokacin ƙasar ba ta fi kaurin yatsa uku ba, ƙarƙashinta tsakuwa ce da dutse. Shinkafa ba ta yi a nan. Abin da ake samu dankali ne ƙanana kamar ƙwan kaza, da gero, da wake, da soba, wani hatsi da ake taliya da garinsa. Ta ce shekararta ta farko ta sha kuka a bayan ɗaki saboda marmarin farar shinkafa, ba saboda kewar gida ba.

Surukar ce ta koya mata sauran aikin. Da kaka a hau ƙololuwar tudu a yanko doguwar ciyawar da ake jinka da ita, a ɗaure dami-dami, a jera su kewaye da sanda su sha sanyi. Da bazara a sauko da su a daddatsa, a shimfiɗa tsakanin kunya. Ciyawar ce ke riƙe ƙasa in ruwa ya zo, ita ce kuma ke ruɓewa ta zama ƙasa. Ɓawon dankali, ƙayar kifi, tokar murhu, ganyen shayin da aka gama sha, duk can suke komawa. Ba a yar da komai a gidan.

Mijinta Masuo bai cika zama ba. Aikin fasa dutse yake yi inda ake huda hanya, yana dawowa da sabuwar shekara, da kuma lokacin ziyarar kaburbura. Ƙurar dutsen ce ta cinye masa huhu. 'Yarsu ɗaya, Michiyo, ta yi karatu ta yi aure a birni. Tsuyako ta ci gaba da hawa da sauka da dami a baya. Ba ta da wani ma'auni sai hannunta. Lokacin da surukar ta rasu, in ta cusa hannu a tsakiyar gona ƙasa na kai mata wuyan hannu. Lokacin da Masuo ya rasu ta wuce nan. Bara kuwa ta kusa gwiwar hannu: baƙa wuluk, mai laushi, tana ƙamshin cikin kurmi, da tsutsar ƙasa mai kaurin ɗan yatsa. Ba mace ce mai alfahari ba, kayan jikinta duk faci ne. Amma in baƙo ya zo, kafin ya sha shayi sai ta ja shi gona ta ce ya sa hannu ya ji.

A hankali garin ya zube. Aka rufe makaranta. Aka riƙa rufe gidaje ɗaya bayan ɗaya, wasu masu su sun mutu, wasu 'ya'ya sun kwashe su. Itatuwan katakon da aka dasa da daɗewa, da ba wanda ya sare, suka yi duhu har suka iso bayan gidaje. Namun daji suka biyo inuwar.

Birai ne suka fara. Sukan zauna a kan rufin gidan da ba kowa, su jira ta shiga ciki. Ta sha ganin babbansu yana tafiya da ƙafa biyu, kabewa ɗaya a kowace hammata. Sun san tsohuwa ce. In ta yi jifa ko waiwayowa ba sa yi. Barewa kuma ganyen wake take bi, ta aske shi tas. Tsuyako ta kewaye gonar da tsohuwar komar kifi da wani ɗan'uwa ya aiko daga bakin teku, ta jera tsofaffin kwanon rufi, ta rataye rediyo a sanda ta bar shi yana magana.

"Biran nan yanzu sun fi mu sanin ranar da za a yi ruwa," in ji Tokuichi. "Jiya na ga ɗaya yana gyara tasha."

Ita ma takan yi dariya. Ɓarnar tana mata ciwo, amma ba ta hana ta barci. Takan ce abin da suka ci na shekara ɗaya ne. Su ɗauki kabewa, su ɗauki wake, ƙasa tana nan, baɗi a sake.

Sai aladen daji ya zo. Da damina ne, wata safiya ta fito ta tarar an ture kwano, kusurwar gonar ta ƙasa kuma an kife ta kamar an shiga da garma. Ramuka har gwiwa. Duwatsu biyu-uku na katanga sun zame. Dankalin da ya kusa isa haƙa yana warwatse a sarari, amma mafi yawansa ko cizo babu. Wannan ne ya ɗaure mata kai. Ta yini tana cike ramuka. Bayan kwana kaɗan ya dawo, ya kife wani wurin, ya sake barin dankali.

Tokuichi ya yi farauta a zamaninsa, sai da ido ya gaza ya mayar da bindiga. Ya ƙetaro da sandarsa, ya tsuguna da ƙyar, ya riƙa juya ƙasar da yatsa. Ya ɗago guntun tsutsa da aka datse.

"Ba dankalinki yake so ba."

"Me yake so?"

"Wannan. Nama yake nema. Duk dutsen nan babu inda ke da tsutsa irin gonarki. Hancinsa yana jin ta tun daga cikin kurmi."

Ta dubi tasa gonar, wadda ba abin da ya raba su sai 'yar siririyar hanya. Shi takin buhu yake watsawa in ya tuna, ƙasarsa fara fat, ta ƙeƙashe kamar daɓe. Ko sawu ɗaya babu a cikinta.

"Ka ga ikon Allah," ta ce a hankali. "Malalaci ya tsira."

"Na daɗe ina gaya miki aiki ba shi da amfani, ba kya ji."

Ya faɗa don ta yi dariya, amma ba ta yi ba. Sai ya jefar da tsutsar. Dukansu sun san abin da ke tafe. Ƙasar da aka kife a gangare irin namu ba ta jiran komai sai ruwa mai ƙarfi. Wannan kuma ba asarar shekara ɗaya ba ce.

Michiyo ce ta buga waya ofishin ƙaramar hukuma. An karɓe ta da ladabi. Shingen ƙarfe akwai, an rubuta sunan gidan, amma masu kafawa sai da sanyi za su iso Hiura, don garuruwan da ke gaba da yawa. Tarko kuma yana wani gari. Maharban da suka rage duk sun yi furfura, kira kuwa daga ko'ina. Ba wanda ya ƙi taimako. Babu hannun da zai yi ne kawai.

Ƙarshen mako Michiyo ta hau da mota. Ita ma ta kusa sittin, gwiwa na damun ta. Ta tsaya bakin gona tana kallon ramukan. Sai da suka zauna cin abinci ta yi magana.

"Inna, abin nan in ya same ki a gona fa? Ya fi ki nauyi ninki biyu."

"Ba ni yake nema ba. Ba ni da tsoka."

"Ba wasa nake ba. Ɗakin da na ware miki a gidanmu yana nan a share. Ga asibiti kusa, ga kanti a ƙasan bene."

"Wa zai mayar da ƙasa sama?"

"Inna, ƙasa ce fa."

Tsuyako ta ajiye tsinken cin abinci. "Kin ci ta kin girma. Ki ce ƙasa ce fa."

"Yi haƙuri. Ba haka nake nufi ba."

"Muddin akwai abin da zan caka wa manjagara, ina nan. Kada ki sake tambaya ta."

"In babu fa?"

"In babu me zan zauna yi? Kallon Tokuichi?"

Michiyo ta koma da buhun dankalin da aka tsinto daga ramuka. Ba ta sake tayar da maganar ba, amma kullum da yamma sai ta kira.

Da damina ta ɗauke, zafi ya sauka, Tsuyako ta gama haƙe abin da ya rage na dankali, sai ta lura da wani abu. Akwai wani gefe can sama da ciyawar ta ƙare mata ba ta rufe ba. Rana ta busar da shi, tsutsa ta nutse, aladen bai taɓa wurin ba. Ta kira Tokuichi ta nuna masa.

"In na kwashe ciyawar gaba ɗaya fa? Ƙasa ta bushe, ya zo ya shinshina bai ji komai ba, ya manta da hanya."

Ya sosa ƙeya. "Zai iya yi. Dabba ce mai ƙiwuya, ba ta haƙa a banza. Amma tsirara za ki bar ta ke nan."

"Na ɗan lokaci ne. Guguwar teku mai kawo ruwa ba ta zuwa sai zafi ya fara karyewa. Kafin nan na mayar, na watsa soba."

"Da surukarki na raye da ta fasa miki kai."

"Ita ba ta ga alade a gonarta ba."

Tunda ta zo garin ba ta taɓa barin ƙasar nan a buɗe ba. Ta sani. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, a safiya ta uku ta tarar da sabon rami, sai ta ɗauki manjagara. Ta fara da rabin gona. Ta tattara ciyawar, wadda ta ruɓe da wadda ba ta ruɓe ba, ta tara a gefen ɗaki. Aladen ya zo ya haƙa rabin da ke rufe, ya bar buɗaɗɗen. Da ta ga haka ta kwashe sauran. Aka yi kwanaki ba sawu. Ta kira Michiyo da kanta, abin da ba ta saba ba, ta ce ta gano maganinsa. Har ta dafa wa Tokuichi dankali da miso, daddawar waken soya, ta kai masa.

"Yau wace rana? Amarya ta tuna da ƙanin miji."

"Ci ka yi shiru, kada in fasa."

Guguwar bara ba ta jira zafi ya karye ba. Rediyon da ke rataye a gona ne ya faɗa, cewa wadda aka ce za ta wuce ta cikin teku ta juyo. Tsuyako ta ji, ta bar abin da take yi ta fara kwasar ciyawa tana mayarwa. Abin da ta kwashe cikin kwanaki ba zai koma a yini ɗaya ba. Tokuichi ya fito yana ja mata da igiya, ya yi sawu kaɗan numfashi ya gagare shi, ya zauna a kan dutse. Ɗan abin da suka shimfiɗa ma iska ta riga ruwa zuwa, ta ɗaga shi ta watsa cikin itatuwa, don ya bushe ba nauyi.

Ruwan ya sauka washegari da hantsi. Lasifikar gari tana ta cewa kowa ya zauna a gida. Tsuyako ta zauna a baranda, ta zuge ƙyaure ɗaya kaɗan. Da farko ƙasar ta sha. Ta yi ta sha har Tsuyako ta fara sa rai. Sannan sai siraran hanyoyi suka buɗe daga sama, suka haɗu, suka yi faɗi. Ruwan da ke gangarowa ba ja ba ne irin na hanya, baƙi ne. Ta san daga ina baƙin yake. Ta miƙe ta nemi rigar ruwa, ta sa ƙafa ɗaya a takalmi, wayar ta yi ƙara. Michiyo ce.

"Inna, kina ciki ko?"

"Ina ciki."

"Rantse ba za ki fita ba."

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a takalmi. Tana riƙe da wayar katangar ta buɗe, daidai wurin da aladen ya zamar da duwatsu. Ba ta yi wata ƙara mai yawa ba. Tsakiyar gonar kawai ta zame, kamar an ja bargo daga kan gado, ta bi gangare.

"Inna? Kina ji na?"

"Ina ji. Ba inda za ni."

Da gari ya waye rana ta fito tarwai. Gonar ta koma tsakuwa da farin dutse, irin wanda Tsuyako ba ta taɓa gani da idonta ba. Ta leƙa ƙasa. Ga ƙasar gonar can a kan kwalta, tuli guda, ta toshe hanya daga bango zuwa bakin rami, haɗe da duwatsun katanga da rassan itace da komar kifi. Sai ta ji zuciyarta ta ɗan kwanta. Ba ta kai kogi ba. Abin da ke kan hanya ana iya hawo da shi. Ta ɗauki kwando da buhuna da shebur, ta bi matakalar da ke sauka zuwa hanya tana dafa bango.

Ta tarar masu gyaran hanya sun riga ta, da katafila da tifa. Shugabansu Shinpei ne, ɗan garin, wanda iyayensa suka sauka kwari tun yana makaranta. Yanzu shi ma ya yi tumbi da sanƙo. Ya cire hular ƙarfe ya gaishe ta.

"Iya, lafiya kika kwana? Gidan bai taɓu ba?"

"Gida lafiya. Shinpei, ina za ku kai wannan?"

"Wurin zubar da ɓaraguzai, can bayan gada."

"Ba ɓaraguzai ba ne. Ƙasata ce."

Ya dubi tulin, ya ɗaga kai ya dubi farin tabon da ke sama. Ya gane.

"Iya, hanya ce. Akwai dattijo a garin gaba da ake kai wa wankin ƙoda gobe. Motar kanti ma ba ta shigo ba. Dole yau mu buɗe."

"Ku buɗe. Ban hana ba. Ku mayar mini da ita sama."

"Ta ina? Tifa ba ta hawa matakala."

"To ku ture ta gefe. Ni zan riƙa ɗiba."

"Gefe rami ne, Iya. Ɗaya gefen magudanar ruwa ce, in ta toshe hanyar ce za ta karye gaba ɗaya."

Tokuichi ya iso a lokacin, yana haki. "Kai Shinpei, ba kai ne ke satar mata tumatir ba kana yawo ba wando? Yanzu gonar za ka ɗauke gaba ɗaya?"

Ma'aikatan suka yi dariya, suka kuma yi saurin gimtsewa. Shinpei ya murza hular a hannunsa.

"Baba, ni me zan yi? Faɗa mini in yi."

Tokuichi ya dogara da sandarsa, ya dubi tulin.

Shinpei ya juya ya ce wa direban katafila ya kashe inji, a ci abincin rana yanzu ko da lokaci bai yi ba. Ba wanda ya buɗe kwanon abincinsa. Suka karɓi buhunan, suka ɗauko nasu shebur. Tsuyako ta hau kan tulin da gwiwa tana nuna musu.

"Ba nan ba, wannan jar ƙasar gangare ce. Nan. Ka ga baƙin? A'a, cire dutsen. Yaro, ba yashi kake loda wa tifa ba, bi a hankali."

Amma ruwa ya riga ya gauraya komai. In an sa shebur a baƙa, ƙarƙashinta ja ce da tsakuwa. Ta koma tsinta da hannu tana zubawa a kwando, Tokuichi na riƙe bakin buhu. Buhunan da ta zo da su suka cika, aka samo wasu a motar ma'aikata, su ma suka cika, tulin kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Shinpei ya duba rana, ya dubi Tsuyako, ya ƙara jira. Daga baya ya zo ya tsuguna kusa da ita.

"Iya."

"Na sani."

Ya kama hannunta ya sauko da ita. Mutanensa suka saɓa buhunan suka hau da su har ƙofar gida, suka jera a ƙarƙashin rufin baranda, kowa ya sauko yana dafe da ƙugu. Ita ba ta bi su ba. Ta zauna a matakala ta farko, aka tayar da katafila. Ta kalli tifa ta cika ta tafi, ta dawo, ta sake cika. Kafin la'asar suka wanke kwalta da tiyo, motar farko ta wuce, direban ya ɗaga musu hannu.

Buhunan ba ta kwance su ba. Tokuichi ya ce a zazzage a kusurwar sama, ko faɗin tabarma biyu ne a samu na kabeji. Ta ce a kan me ƙasar za ta zauna? Katanga babu, ƙarƙashi dutse ne sumul, ruwan farko zai tafi da ita. A jera katanga kuwa sai maza, mazan da suka iya sun mutu. Takan fito da safe ta ɗauki manjagara, ta tsaya a bakin gonar. Haƙoran su yi ƙara a kan dutse. Ta mayar ta jingine.

Michiyo ta zo ta kwana biyu tana wanke-wanke, tana share ɗakuna. Tsuyako ce da kanta ta ciro jaka daga saman kabad. Ta naɗe hoton Masuo da na surukarta a cikin zane, ta sa kayan sanyi.

"Sanyi kawai za ki yi a can, Inna. Da bazara mu gani."

"Kada ki yi mini maganar yara."

Ranar tafiya Tokuichi ya zo ya tsaya a tsakar gida, ba kofin shayi. Michiyo ta dubi buhunan.

"Mu ɗauki ɗaya? Akwai baranda a benen, sai a zuba a tukwane. Kya shuka albasa."

"A tukunya." Tsuyako ta girgiza kai. "Bar su. Tokuichi, ka sa a kai gonarka. Taka katangar tana nan."

"Ki jawo mini alade ina zaman lafiya?"

"Sai ka samu mai zuwa gaishe ka."

"Ni ban iya ba, Amarya. Ban san yadda ake riƙe ta ba. A hannuna mutuwa za ta yi."

"Ka rufe ta da ciyawa kawai."

"Wa zai hau ya yanko?"

Ta dubi ƙololuwar tudun, inda ciyawar ta fara fitar da kai, fari-fari, ta yi kyau a shekarar fiye da kullum. Ta dubi ƙafafun Tokuichi. Michiyo ta ɗauki jakar, ta kama ta da ɗaya hannun, suka fara sauka a hankali. Buhunan suna nan a barandar har yau, a ɗaure. Na ƙasa sun fara yagewa.